Hayaƙin Baba Usaini

Duk mai bin titin Mansur da yamma ya san Baba Usaini mai tsire, ko bai san fuskarsa ba ya san hayaƙinsa. Mutumin Gaya ne. Ya zo aikin hajji yana saurayi, abokan tafiya suka koma, shi ya tsaya neman falala, har furfura ta riske shi yana nema. Iƙama kam, wato takardar izinin zama, ba shi da ita, amma yana da wuta, kuma yana ji da ita fiye da kima. Gawayin Sudan kaɗai yake hurawa, kuma bai yarda kowa ya juya masa tsinke ba.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, gawayi ya yi wuya. Na itacen ƙasar nan dama hukuma ta hana. Ɗan abin da ke shigowa kuwa, masu sito suka ce an umarce su su raba wa shaguna masu lasin kawai. Baba Usaini ya tura baro ya je, ya turo shi wayam. Ya gwada katakon akwati, nama ya yi warin fenti. Wutarsa ta mutu, kuma abin ya yi mini ciwo, don a bakinta na girma.

Nawaf, ɗan ƙanwarsa da ta auri ɗan ƙasa, yana da shago da lasin, saboda haka yana da kaso. Shi kuwa da gas yake gashi. Buhunan gawayin na nan jibge a bayan shago, ba mai waiwayarsu.

Ya ce wa kawun nasa, "Ya khali, dawo wurina mana. Faham akwai, gawayi buhu-buhu, ba mushkila."

Tsoho ya wanke riga, ya wasa wuƙa, ya tafi. Aka nuna masa kujera a bakin ƙofa, ga kasko, ga mafici, ga kwanon kitse. Aikinsa ya ɗiga kitse a garwashi ya fifita, ƙamshi ya cika layi. Naman yana ciki, ma'aikata na gasa shi a gas.

"Wuƙar fa, ɗan nan?"

"Khalas, khali, ka huta. Mara iƙama ba ya taɓa nama, mamnu'u ne, doka ta hana."

Ya zauna, tunda da babu gara ba daɗi. Ciniki ya buɗe. Rannan Alhaji Nu'uman, wanda tun yana da baƙin gemu yake cin tsiren Baba Usaini, ya fito daga shagon yana suɗe yatsu, ya dafa kafaɗarsa.

"Usaini, tsakani da Allah, tun da nake cin namanka, hannunka bai taɓa daɗi irin na bana ba."

Baba Usaini ya ce, "Madalla, Alhaji." Ya ƙara kitse a wuta.