Kada Ka Motsa Daga Nan

Kafin in lalace, direban adaidaita sahu ne ni. Na zo Kano daga ƙauyenmu da jaka ɗaya, na kama ɗaki a Gyadi-Gyadi, ina jigilar mutane tsakanin Tarauni da ƙofar wani babban asibiti. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba. Na faɗi haka ne saboda haushin da nake ji idan ɓarawo ya buɗe baki ya ce talauci ne ya jefa shi. Ni dai ƙarya zan yi idan na ce haka. Abin da ya kai ni ya baro ni shi ne ban iya zama wuri ɗaya ba. Duk abin da zuciyata ta raya min, kafin ta rufe baki na aikata.

Da ƙananan abubuwa na fara. Fasinja ya manta leda a baya, in hango ta, in ƙara wuta. Baƙo ya ce in kai shi nan kusa, in zagaya da shi ta Daurawa. Abokaina na tasha su yi ta tafa min, wai wane ya waye, ya zama ɗan gari. Har yau idan na tuna wannan tafin raina ɓaci yake yi, don ko ɗaya daga cikinsu bai leƙo ni ba ranar da ta ɓaci.

A ƙofar asibitin na lura da mutanen ƙauye, takarda a hannu, ido ya raina fata, ba su san inda za su dosa ba. Sai na sayi farar riga irin ta likitoci a gwanjo, na maƙala biro a aljihu. Sirrin wannan mugunyar sana'a guda ɗaya ne, gaggawa. Kada ka bar mutum ya numfasa, kada ka bari ya yi tunani. "Yi sauri, Baba, za a rufe! Kawo, kawo!" Mutumin da hankalinsa ya tashi zai miƙo maka duk abin da ke aljihunsa, har ya yi maka godiya.

Haka na yi wa wani magidanci mai suna Malam Iliya. Matarsa ta haihu, jini ya ɓalle mata, an ba shi takarda ya je a samo jinin da za a ƙara mata. Na karɓi takardar na duba, na ga sunan matar, Hajara, da sunan ƙauyensu a bayan Wudil. Na karɓe abin da ya zo da shi, na nuna masa gindin wata bishiyar darbejiya.

"Zauna nan, Baba. Kada ka motsa daga nan, kada in dawo in rasa ka."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, likita."

Na zagaya ta baya, na jefa takardar a kwata, na je na ci tsire. Ban sake tuna shi ba.

Bayan wasu watanni wata ma'aikaciyar jinya ta tsare ni a bakin titi, ta tambaye ni a wane ɗaki nake aiki. Na fara kame-kame, ta ɗaga murya. Jama'a suka taru suka yi min dukan da na cancanta, alƙali kuma ya tura ni gidan yari shekara biyu.

A can ma ban daddara ba. Faɗa da wannan, zagi da wancan, barci kuwa ya ƙaurace min. A ɗakinmu akwai wani tsohon direban babbar mota, Baba Haladu, wanda hatsari ya kai shi. Kullum bayan sallar asuba sai ya zauna ya fuskanci bango, ba motsi ba magana, har rana ta fito. Ni har ba'a nake yi masa, ina cewa tsoho ya zama gunki. Wata rana ya kama hannuna.

"Kai ɗan nan, bakinka ya fi hankalinka gudu. Zo ka zauna."

Ya ce in rufe baki, in bi numfashina yana shiga yana fita, duk fita ɗaya in ce astagfirullah a zuci. Idan tunani ya zo kada in kore shi, kada kuma in bi shi, in dube shi kawai in koma kan numfashi. Na ce wannan ai wasan yara ne. Wallahi ranar farko ko minti biyu ban kai ba. Ƙafa ta yi tsami, baya ya ɗau ƙaiƙayi, zuciya ta tafi tasha ta dawo. Ƙato da ni, mai gemu, na kasa abin da kaza ke yi a kan ƙwai! Haushin wannan ne ya sa na dawo washegari.

A hankali na fara kai minti biyar, na kai goma, har na iya jiran fitowar rana. Barci ya dawo. Mutum ya zage ni, kafin in rama sai in ji na ja numfashi, in ga maganar ba ta kai a yi faɗa ba. Amma kada wani ya ce muku zaman nan daɗi ne zalla. Da hayaniyar kaina ta lafa, sai fuskoki suka fara zuwa. Wata safiya na ga Malam Iliya a gindin darbejiya, na ga rubutun takardar nan tiryan-tiryan, suna da ƙauye. Na yunƙura zan tashi, Baba Haladu ya danne min gwiwa.

"Zauna. Wanda ya zo maka, dube shi."

Na zauna ina kuka kamar yaro.

Da aka sake ni, kafin in nemi aiki sai da na nemi ƙauyen. Na iske Malam Iliya da hantsi a ƙofar gidansa yana gyaran fartanya. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona. Sai ya shiga gida ya ɗauko tabarma, ya shimfiɗa min a gindin bishiya.

"Zauna nan. Kada ka motsa, ina zuwa."

Ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Inuwa ta janye ta bar ni a rana. Aka kira azahar, na yi taimama na yi salla a kan tabarmar, don na ƙudurta ba zai dawo ya tarar ba ni ba. Zuciyata ta ce tashi ka gudu, ai ka yi iya yinka. Na dube ta, na koma kan numfashina. Sai bayan la'asar ya dawo, ya tsaya a kaina.

"Ni ma haka na zauna. Ƙishirwa ta kama ni, na ƙi tashi, kada likita ya dawo da jini ya rasa ni. Sai da aka fito nemana aka ce Hajara ta cika."

Na ce, "Baba, ka yafe min don Allah."

Ya ce, "Tashi ka yi salla ka kama hanya. Nawa haƙƙin zan duba. Nata kuwa, ba ni da ikon yafe maka."

Yanzu na koma tuƙin adaidaita a Tarauni. Tsofaffin abokaina suna yi min dariya, wai na zama waliyyi. Su yi ta yi. Ku dai matasa, ku ji ni da kyau. Kada ku jira sai bangon gidan yari ya koya muku zama. Gobe bayan asuba ku nemi wuri ku zauna, ku rufe baki, ku ajiye waya, ku bi numfashinku ko na minti biyar ne. Duk wanda ya ce muku yi sauri, yi sauri, ko mutum ne ko zuciyarku ce, ku tsaya ku numfasa tukuna. Da na iya wannan a ranar nan, da takardar ba ta faɗa kwata ba.

Ni har yau ina zama kowace safiya. Ban taɓa ganin fuskar Hajara ba, sunanta kawai na karanta, kuma shi ne yake fara zuwa min. Ba na tashi.