A Gaya wa Na Gaba

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙasarmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya kallon idonsa, ba ya yi masa magana baki da baki. Kunya ce, haka muka taras. Ana yaye ni aka kai ni Tsafe wurin kakata. Can na girma, can na yi aure, ina noman gerona, ba ruwana da gulbi. Sai da na zama magidanci aka aiko in dawo Bungudu, wai jirgin Baba yana neman hannu.

Fito ne sana'ar gidanmu. Da rani gulbin namu yashi ne zalla, ko akuya ta ƙetare. Amma in damina ta yi nisa ya cika ya batse, duk mai son kai kaya kasuwar Gusau daga ƙauyukan ƙetare sai ya shiga kwalekwalenmu. Mutum biyu ke tuƙi da gora, ɗaya a goshi, ɗaya a baya. Na baya shi ke kallon inda ruwa ke fitowa, shi ke ganin abin da ya ɗauko. Na goshi yakan ba ruwa baya, idonsa a ƙasa yana neman inda zai kafa gora, saboda haka da kunne yake aiki. Baba ne a baya. Ni aka sa a goshi.

Wurin da na gada na Baffa ne, ƙanen Baba. An ɗebe shi dako lokacin yaƙin Turawa, har aka sa su cikin jirgin hayaƙi suka ratsa teku. Ya dawo da tari da ƙirji mara ƙarfi, ba ya iya gora. Sai ya koma zama a tsakiyar kwalekwale da ƙwarya yana kwashe ruwa, ya zama bakinmu. Baba ya ce, "A gaya wa na gaba ya danna hagu." Baffa ya juyo ya ce, "Ɗana, hagu." Ni kuma in ce, "Baffa, a ce akwai dutse nan." Alhali kwalekwalen duka bai fi a yi atishawa a baya a ji a goshi ba. Wallahi abin yana gajiyar da ni fiye da gorar.

Baffa ma bai so haka ba. Wata rana da hantsi muna jiran mutane a bakin mashigi ya ce wa Baba, "Yaya, jirgin da muka shiga ya fi unguwarmu girma. Ma'aikatansa kowa da harshensa. Amma in babba ya yi magana cikin bututun ƙarfe, na ƙasa sai ya maimaita abin da ya ji, kalma da kalma, don a tabbata ta isa. A ruwa ba a aiken magana. Ka faɗa wa yaron ga da bakinka, shi maimaita maka."

Baba ya ci gaba da ɗaure igiya. Can ya ce, "Waɗancan ba su haifi juna ba."

"To ruwa ya san wa ya haifi wa?"

"Ka bar maganar ga."

Baffa bai bari ba. Ya kawo dabarar bugu: Baba ya doki gefen jirgi da gora, irin bugun kaza na nufin dama, irin kaza hagu, bugu ba tsayawa kuma haɗari. Muka gwada a ruwan sanyi, ya yi kyau, har Baba ya yi murmushi yana kallon wani wuri. Ranar da gulbi ya kawo sosai muka gane aikin banza muka yi. Rurin ruwa ya cinye bugun, ga mata suna salati, ga awaki suna kuka, ga kowane fasinja yana bubbuga jirgi da ƙafa don tsoro. Muka koma gidan jiya.

Kada a ce Baba ba ya sona. In an yanka kaza, cinya takan zo ɗakina a hannun ƙanwata, ba a faɗi wanda ya aiko ba. Da ya ga tafin hannuna ya fashe, sai na taras da man shanu a goshin jirgi cikin ɗan ƙoƙo. Ni dai da an tambaye ni, da na ce a riƙe kazar a ba ni kalma ɗaya. Amma wa zai tambaye ni? Ni kaina in ya shigo zaure sai in sunkuyar da kai in fice.

Damina ta gaba tari ya kwantar da Baffa. Na je gaishe shi da safe, ya kama hannuna ya ce, "Kada ku shiga ku biyu. Ku nemi wanda zai zauna tsakiya." Na kai wa Baba maganar ta bakin ƙanwata. Amsa ta dawo cewa kowa yana gona, kuma ranar kasuwa ce, mutane sun taru tun asuba. An yi ruwa mai yawa a gabas, gulbi ya yi ja, yana ɗauke da karare da rassa.

Sawun farko muka ƙetare lafiya. A na biyu muka ɗauki wata dattijuwa mai tallar daddawa, da wasu manoma daga wajen Nahuce da buhunansu. Mun kai tsakiya, inda ruwa ya fi ja, na duƙa na kafa gora, ƙafata ɗaya a kan bakin jirgi kamar yadda na saba. Abin da ya faru a bayana daga baya dattijuwar ta ba da labari. Wani gungumen kirya ne ruwa ya tumɓuko, yana zuwa kai tsaye wajen goshi. Baba ya doki jirgi, ban ji ba. Ya sake doka. Sai ya ce mata, "Inna, a gaya wa na gaba ya janye ƙafa." Ita kuwa baiwar Allah ba ta san mu ba. Ta waiga ta ce, "Wane na gaba, Malam?" Ta taɓa manomin da ke gabanta, a zatonta shi ake nufi.

Ban ji zafi nan take ba, ƙara na ji. Gungumen ya doki goshi, jirgi ya karkata, buhuna suka tafi ruwa, manoman suka jawo ni ciki. Baba shi kaɗai ya kai mu gaɓa, ban san yadda ya yi ba. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Ƙafata ce ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi ya ratse. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta kama a karkace. Ban ƙara tsayawa a goshin jirgi ba, ban ƙara riƙe garma ba. Daga baya na koma Gusau na koyi ɗinkin hula, sana'ar zaune, ita nake yi har ido ya gaza.

Lokacin jinyar, kullum da la'asar nakan ji takun Baba ya zo ya tsaya bayan zanan ɗakina. Ya kira ƙanwata ya ce, "Yaya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Ya tafi. Haka har aka fara yankan gero. Na gaji da ciwo, na gaji da kwanciya, na gaji da jin ana tambayata a bakin wata ina nan kwance ido biyu.

Wata la'asar ya zo ƙanwata ta tafi rijiya, matata ma ba ta nan. Na ji ya kira, shiru. Na ɗauka zai juya. Bai juya ba. Ya daɗe a tsaye, ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin zana. Sai ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa ƙasa, kamar da zanan yake.

"Gungumen, na gan shi tun daga nesa."

Babu kowa a gidan sai ni. Na buɗe baki. Na san abin da ya kamata in ce, cewa Allah ne ya ƙaddara, cewa ban riƙe shi a zuciya ba. Ya tsaya yana jira, na san jira yake. Amma ban taɓa amsa masa magana ba tun da aka haife ni, ban san ta inda ake farawa ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kamar barci nake, har na ji takunsa ya fita zaure.