Rediyon Baba a Cikin Rumbu

Jiya na ji jikata tana lugude, sai Baba ya faɗo mini a rai. Zamanin mulkin Faransawa a garinmu Waca, cikin rumbu yake ɓoye rediyonsa, don kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya hana sauraron tashar Kano. In lokacin labarai ya yi yakan ce, "Ku ɗora daka," ƙarar taɓarenmu ta rufe muryar.

Ran nan gardin kumandan, wato dogarinsa, ya faɗo gidan ko sallama babu. Tsoro ya sa na saki taɓarya, muryar rediyo ta fito fili. Baba ya leƙo daga rumbu, ƙaiƙayi a gemunsa.

Gardin ya matsa, ya rage murya: "Baba, me suka ce kan yaƙin? Ƙanena yana can."

Baba ya ce, "Hawo. Ke kuma, ɗauki taɓaryarki."

Allah ya rufa wa Baba asiri a lahira, rufin da ya fi na turmina.