Kawu Sule da Matattun Ingila

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Utaiƙa ta Riyad ya san Kawu Sule ba ya karyawa sai ya karanta mutuwa. Direban wani likita ne Bature. Yakan kwaso tsofaffin jaridun Ingila daga gidan, ya buɗe shafin rasuwa kai tsaye. Sauran shafukan kuwa, a kansu muke cin shinkafar kabsa.

Mahaifiyarsa, Ladi, 'yar wani Baturen kuza ce da ya bar Jos bai waiwayo ba. Kullum Kawu cewa yake, "Bature in ya mutu, sai an jera danginsa kaf. Wata rana wani zai faɗi a gidan nan, in ga ko sun sa sunan Inna."

Na ce, "Haba Kawu, fatan mutuwa kake wa mutane?"

"Ni? Jira kawai nake."

Ranar da 'yan sanda suka tare mu a unguwar Batha kuwa, na sadaƙar. Ɗaya ya buɗe bayan mota, sai ga tarin hotunan Turawa, kowanne an zagaye shi da jan biro. Ya dafa bindiga.

"Su wane ne waɗannan?"

Kawu ya zaro guntun Larabcinsa: "Kullu maut! Wallahi duk sun mutu!"

Innalillahi! Mutumin ya daka tsawa, "Wa ya kashe su?"

Kawu ya gyara tabarau, ya duba a tsanake. "Wannan ciwon zuciya. Wannan kuma a lambu ya zame."

Sai da likitan ya zo da kansa aka sake mu. A hanya Kawu sai mita yake an hargitsa masa jeri.

Daga baya abin da yake jira ya zo. Ɗan Baturen kuzan nan ya mutu, aka jera dangi har da karensa. Babu Ladi. Kawu ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke.

"Wuri ne ya ƙare musu," in ji shi. Ran nan na tausaya masa ƙwarai.

Da Kawu ya rasu, a maƙabartar Al-Oud muka binne shi, inda ba a rubuta suna a kabari. To, Kawu, ni ina da wuri: Sule ɗan Ladi ya rasu a Riyad. Allah Ya jiƙan ka, Ya sada ka da Inna.