Maganaɗisun Yaya Sabo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Yaya Sabo, mai injin niƙa a ƙauyenmu da ke bayan Gezawa. Allah Ya jiƙansa. Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba, har da takaici.

A cikin injin niƙa akwai farantai biyu na ƙarfe da ke murje hatsi. In ƙarfen banza ne, yana cin dawa yana cin kansa, ɓurɓushin ya bi niƙa har tukunya. Yaya na da wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Duk sa'ad da ya ɗaura sabon faranti, sai ya fara niƙa dawar gidansa, ya ja maganaɗisun a ciki. In ya fito fes, a niƙa wa mutane. In ya fito da baƙin gemu na ɓurɓushin ƙarfe, ranar inji ba ya tashi.

Wata shekara dilan da ke turo masa kaya daga birni, wani Alhaji mai doguwar carbi, ya aiko da farantai masu zubar da ƙarfe har sau biyu. Da aka kai kuka, sai ya ce ɗaurin ne ba a iya ba, mutanen ƙauye sai ƙorafi. Yaya bai yi musu ba. Ya sa matarsa ta tuƙa tuwo da wannan niƙan, miyar kuka har da man shanu, muka hau mota da kwanon tuwon zuwa shagon Alhajin. A gaban masu ciniki ya buɗe shi, ya ajiye maganaɗisun da gemunsa a gefe.

"Bismillah, Alhaji. Abin da 'ya'yanmu ke ci ne."

Nan take Alhaji ya tuna yana azumin nafila, ga jan goro ɗanye a haƙoransa. Muka dawo da farantai na kirki, kuma har Yaya ya bar duniya Alhajin bai sake turo mana tarkace ba.

Yau ɗan Alhajin ne a shagon. Bai ƙara komai ba sai kwali mai sheƙi da yawan rantsuwa. Injin kuwa yana hannun Habibu, babban ɗan Yaya, wanda ke sayen faranti daga hoto a waya. Mata na cewa tuwo na ƙasƙas a haƙori, shi kuma yana ce musu tankaɗe ne ba su iya ba. Da Yaya zai ji maganar dila a bakin ɗansa, na san kwanon tuwo zai nema. Ni dai kunya ta ishe ni, don jikokina wannan tuwon suke ci.

Makon jiya na leƙa shagon niƙan, na tambayi Habibu ina maganaɗisun babansa. Ya nuna min ƙofar shagon ta ƙarfe. Yana nan manne, ya danne kalandar da ɗan dila ya raba wa abokan ciniki.

Na cire shi, kalandar ta faɗi ƙasa, ban ɗauka ba. Na tsoma shi a niƙan gidana, ya fito da gemu har ya fi na wancan karon. Cikin duk abin da Yaya ya bari, shi kaɗai ne bai daina aikinsa ba.