Ranar Da Na Sa Majami'a Ta Yi Wa Mahaifin Kakata Dariya

Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe a ƙirjina. A shekarun da nake magana a kai, ni malamin firamare ne a Kafanchan, amma ba alli ne ya sa aka san ni ba, bakina ne. Ba a ɗaurin aure, ba a sallamar fasto, sai an miƙa mini makirfo. Idan na ga ɓera da safe, kafin tsakar rana ya zama gafiya, da yamma kuwa kura ce da na shaƙe da hannun hagu ina cin masara da na dama. Mutane sun san ƙari nake yi, kuma ƙarin suke so. Ni ma na ɗauka ba abin da dariya ba za ta wanke ba.

Babbar abokiyar wasana ita ce kakata, uwar mahaifina. Kun san wasan kaka da jika. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya. Da na shiga gida za ta fara mita wai ta auri rago, tumbi kamar tukunyar burkutu amma ko bakin gona bai sani ba. Ni kuma in ce sakinta zan yi, na gaji da amaryar da haƙoranta biyu kuma ba sa ga maciji da juna. Haka muke tun ina yawo ba wando.

Da majami'armu za ta yi bikin cika shekaru, dattawa suka ɗora mini shirya wasan kwaikwayo a kan yadda garin yake a zamanin Turawa. Na tafi wurin Kaka neman labari, na same ta tana tsaga citta za ta shanya. Ta ce abin da ya riga ta, daga bakin mahaifinta ta ji. Wai da Turawan jirgin ƙasa suka zo, igiya da turaku suka fara kafawa a daji, sai tanti, sai ɗakunan ciyawa, daga baya gidajen dutse masu baranda. Sun bar fili mai faɗi tsakaninsu da mutane saboda tsoron sauro, kamar mu ne muka haife shi. Abincinsu a gwangwani yake zuwa, ruwansu sai an tafasa an tace, kuma ko sama za ta faɗo ba sa fasa shan shayin la'asar. Mahaifinta shi ke ɗebo musu ruwa daga rafi, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, tun fitowar rana. Idan Bature ya tunkaro, dole ka sauke kaya, ka cire hula, ka durƙusa ka ce zaki.

Ina ta rubutu ina ƙyalƙyala dariya, sai na ga ta ajiye wuƙa. Ta ce akwai wanda ta gani da idonta, ba ta taɓa gaya wa ko mahaifina ba. Wata rana da damina ta kai wa babanta abinci, tana 'yar ƙarama, suna tafiya tare a hanyar gidajen Turawa sai ga Bature ya ɓullo daga kwana. Babanta ya yi sauri zai durƙusa da kayan a kafaɗa, santsi ya kwashe shi, ruwa da taɓo suka fantsama a farar safar Baturen. Aka kwantar da shi a wurin aka yi masa bulala, ita tana tsaye da ƙwaryar tuwo a ka, ba ta san ko ta sauke ba. Ta ce bai yi kuka ba, abin da kawai ya ce da yarenmu shi ne ta juya baya. Daga ranar bai ƙara miƙewa daidai ba, kuma bai ga girbin shekarar ba. Rafi ya cika, ba a iya kai shi ƙauye ba, aka binne shi a bayan barikin leburori kusa da wata ɗorawa. Duk waɗanda suka san wurin sun mutu, saura ita.

Sai ta kama hannuna ta ce, maigida, in an gama bikin nan ka ɗauke ni a mashin ɗinka in nuna maka, a sa masa dutse da sunansa kafin masu gini su hau kansa. Na ce an gama, amarya, har da hon zan kai ki.

Ga inda na yi abin da na yi. Da na zauna tsara wasa, shaiɗanin bakina ya ce mini faɗuwar nan ai ita ce za ta tayar da majami'a. Bulalar na cire, don na ga za ta ɓata wa mutane rai ranar murna. Na bar santsin, na bar safar. Ni da kaina na fito a mai ɗebo ruwa, na cusa matashi a ciki, na ɗaura tsumma. Wani dogo cikin mawaƙan majami'a muka shafa wa hoda ya zama Bature. Na faɗi ba sau ɗaya ba, sau huɗu, ina birgima ina ihun zaki, zaki, har na kama ƙafarsa ina lashe safar da harshe. Majami'a ta kusa tsagewa. Matan zumuntar majami'a suna riƙe ciki, wani dattijo har sai da aka yi masa fifita. Da na ga abin ya karɓu, sai na ƙara gishirin da ba ya cikin shiri, na ɗauki makirfo na ce jama'a ku tafa wa mai labari, ga 'yarsa can a benci na gaba.

Duka suka juya suna tafi. Kaka ta dogara sandarta ta miƙe. Na ɗauka gaisuwa za ta yi. Ta bi tsakiyar majami'a a hankali, ta fita, ba ta kalli kowa ba. Har lokacin wasu na tafi.

Washegari na je da mashin, na shiga da barkwancina ina cewa amarya ta yi kwalliya ango ya iso. Tana zaune a kan cittarta. Ta ɗago ta ce, sannu da zuwa, Malam. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana haka ba. Na durƙusa na ba da haƙuri, na ce wasa ne, ai ta san halina. Ta ce ta sani, ita ce ba ta san nata ba da ta buɗe baki. Ta ce mutumin da na nuna wa jama'a jiya ba ya bukatar dutse, ai kowa ya riga ya san shi. Nata baban kuma a bar shi inda yake. An yi masa wulaƙanci na farko tana kallo, an yi masa na biyu tana kallo, ba za ta kai kowa ya yi na uku ba.

Na turo mahaifina, na turo fasto, na turo shugabar zumuntar mata. Fasto ya yi mata wa'azin gafara, ta ce ta gafarta tun a ranar, amma gafara daban, nuna kabari daban. Shekara biyu ta ƙara a duniya. Tana karɓar gaisuwata, tana cin abin da na kawo, tana sa wa 'ya'yana albarka. Malam ɗin nan dai bai sauka daga bakinta ba har muka rufe ta.

Bayan rasuwarta na yi ta zagaya bayan tsohon barikin. Ɗorawa ba ɗaya ba ce, wasu an sare, wurin duk gidaje ne da shaguna. Ban sani ba ko yana ƙarƙashin ɗakin wani, ko ƙarƙashin inda ake wankin mota. Abin da ya fi ci mini rai, har yau akwai masu tare ni a kasuwa su ce zaki, su fashe da dariya, suna roƙo in maimaita wasan.

Na gane cewa Baturen nan ya fi ni uzuri, shi bai san sunan mutumin ba, ni kuwa jininsa ne a jikina. Ina roƙon masu baki irin nawa, idan tsoho ya ajiye abin da ke hannunsa ya rage murya zai gaya muku wani abu, ku ma ku ajiye wasan. Ba kowane labarin zamanin Turawa ne na shayi da gwangwani ba, wani ciwo ne da aka ɓoye tun kafin a haifi iyayenmu. Har yanzu ina riƙe makirfo a biki, ina sa mutane dariya, baki ya saba. Amma na kai shekarun da kowa ke ce mini Malam, kuma wadda kaɗai take ce mini maigida, ni na rufe mata baki.