Littafin da Baffa ya ba mai ƙosai

Shekaranjiya da safe na sayi ƙosai a wajen Ƙofar Doka, aka naɗe min shi a shafin wani littafi. Mai ya jiƙa takardar har rubutun baya ya fito gaba, haruffa suka hau kan juna. Na tsaya a bakin titi kamar wawa ina ƙoƙarin karantawa, masu babur suna ta danna min hon. Ƙosan kuwa ban ci ba, a shago ya huce. Duk ranar da na ga rubutu cikin mai sai raina ya ɓaci, kuma bari in gaya maka dalili, in kana da haƙurin ji.

Ni ba malami ba ne. A aji shida na firamare na tsaya, kuma ba don kaina ya ƙi ɗauka ba.

Gidanmu yana Ƙofar Gayan, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. In damina ta kankama, zauren yakan cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da warin fatar gafaka, indararo yana zuba a bakin ƙofa. A gidan akwai doka: duk takardar da ke da rubutun Larabci ko ajami, in ka gan ta a ƙasa, ka ɗauka ka cusa a tsagar bango, don kada a taka sunan Allah. Takardar boko kuwa shara ce, ko akuya ta ci babu mai korar ta.

Mutum uku ne manyan gidan. Kakana, wanda kowa ke kira Malam, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Sai Baffa, babban ɗansa, shi ke ba ɗalibai karatu a zaure, mutum ne dogo mai ɗan ɗingishi, ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana asuwaki. Sai mahaifina, ƙanen Baffa, mai aikin riga da allura, wanda in Baffa ya yi tari sai ya gyara zama. Malam ne ya sa aka kai ni boko. Baffa bai so ba, amma babu yadda ya iya da tsoho.

Malaminmu na aji shida ya ga ina son karatu, sai ya ara min wani littafin labari na Hausa. Bangonsa ya cire, shafukan farko sun ɓace, har yau ban san sunansa ba balle wanda ya rubuta. Wata rana bayan la'asar ina zaune a gindin bango ina karantawa ƙasa-ƙasa, sai Malam ya jiyo ni daga kan buzunsa.

"Bature, me kake gunguni kamar tsohuwar da aka hana goro?"

Bature yake kirana saboda bokon. Na ce labari ne.

"To matso ka karanta min ƙaryar nan taku in ji."

Daga ranar kullum bayan la'asar sai in karanta masa shafi uku ko huɗu. Ya kafa min sharaɗi: kada in leƙa gaba ni kaɗai, tare za mu je ƙarshe. Na kuwa riƙe amanar, wautata ke nan.

Labarin wasu malamai biyu ne, abokai, da suka fita neman ilmi wata ƙasa mai nisa, kowa da gafakarsa a rataye. Suka iso bakin wani kogi, ruwa bai wuce gwiwa ba, sama garau babu hadari. Wata tsohuwa Bamagujiya tana wanke ƙore a wurin, ta ce musu kada su shiga, ruwa yana tafe. Na farkon ko kallonta bai yi ba. Ya ce wadda ba ta san alƙibla ba, ina za ta san abin da ke tafe? Ya tattare riga ya shiga. Na biyun ya tsuguna ya ce, "Iya, ta yaya kika sani?" Ta nuna masa kumfar da ke yawo a gefe, da ganyen wani itace da ba ya fitowa sai a kan duwatsu can sama, ta ce an yi ruwa a can jiya. Ba ta rufe baki ba ruwan ya iso. Na farkon ya tsira da ƙyar, littattafansa duka suka tafi. Na biyun ya kwana uku a ƙauyen yana jiran ruwa ya janye, yana tambayar tsohuwa abubuwa, tana ba shi amsa tana yi masa dariya.

Ni dai daɗi nake ji an kunyata na farkon. Na ce wa Malam ai maganinsa ke nan, jaki kawai.

Malam ya laluba ya ja kunnena. "Kai, Bature, rufe min baki. Mutumin nan ya bar uwarsa ya fita neman ilmi a ƙafa, kai ka taɓa wuce ganuwa? Tsoro ne ya kama shi. Yana jin in ya saurare ta sau ɗaya, duk abin da ya sani zai zube."

Haka yake yi. Babu wanda yake bari in yanke wa hukunci a cikin labarin sai mun zauna a wurinsa mun duba. Wani lokacin shafi ɗaya kawai za mu yi har a kira magariba. A lokacin haushi nake ji, ina son in ji abin da ya faru, tsoho yana ta riƙe ni da tambaya.

Ranar da abin ya lalace, ruwa ne ya tsare mutane a zaure. Baffa yana nan da ɗalibansa, manyan magidanta, suna jira a ɗauke. Malam ya ce in karanta. Mun iso inda aka naɗa malamin nan na biyu alƙali bayan shekaru, aka ce ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, kamar yadda aka saba. Ya lissafa manyan shehunai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, da wata tsohuwa Bamagujiya a bakin kogi, kwana uku.

Baffa ya ajiye carbi. "Subhanallahi! Malam, ka ji abin da ake cusa wa yara? Arniya a cikin jerin malamai?"

Malam ya ce, "To ba ta koya masa ba ne?"

"Wannan ba ilmi ba ne."

"Ƙafarka fa?" in ji Malam. "Da ka faɗo daga kan soro kana yaro, ƙashi ya leƙo waje, na yi maka rubutu kwana bakwai ƙafa tana ta kumbura. Wa ya ɗora ta? Wani Bamaguje ne mai warin burkutu, a kan jaki na kai ka. Da ƙafar da ya ɗora kake zuwa masallaci. Ka taɓa komawa ka gaishe shi?"

Wani ɗalibi ya kasa riƙewa, ya ƙyalƙyale da dariya. Sauran suka sunkuyar da kai kafaɗu na rawa. Baffa ya ɗauki carbinsa. Ya tashi ya fita cikin ruwan, yana jan ƙafar, kuma kafin ya fita ni ya kalla, ba Malam ba. Yanzu da na girma nakan ce da tsohon ya jira ɗaliban sun tafi. Gaskiya ya faɗa, amma a bayana ta sauka.

Ba mu ƙara karatu ba. Zazzaɓi ya kwantar da Malam, kafin a yanke gero ya rasu. Saura shafi kamar ashirin mu gama.

Washegarin sadakar bakwai Baffa ya kira ni ya ce in kawo littafin. Na kawo. Bai buɗe ba, bai ce a karanta masa sauran ya ji ko akwai wani abu ba. Ya kira 'yar maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ya miƙa mata, ya ce ta kai wa uwarta ta yi naɗi da shi. Mahaifina yana zaune da riga a cinya, allura a hannu. Ya ɗago ya ce, murya can ƙasa, "Yaya, akwai sunan Allah a ciki fa."

"Da harafin Nasara?"

Shi ke nan. Mahaifina ya mayar da kai kan rigarsa. Wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa yi a kaina, kuma ko ita bai ƙarasa ba. Allah ya jiƙansa, amma ban yafe wannan sunkuyon ba.

Kwana uku unguwarmu tana cin ƙosai a cikin littafina. Na bi lungu ina tsintar takardun, duk mai da yaji, wasu an taka su cikin taɓo. Ban haɗa ko shafi biyu masu bin juna ba.

Sai maganar makaranta. Jarrabawar shiga sakandare ta matso, malaminmu ya riga ya sa sunana. Baffa ya ce an gama, in zauna in koyi allura. Malamin ya tako har gida, ya cire takalmi ya tsuguna a zaure, ya ce a ba shi minti biyar kawai ya yi bayani. Baffa ya ci gaba da ba ɗalibi karatu kamar babu kowa a wurin. Mutumin ya tsuguna har ƙafarsa ta sage, ya tashi ya sa takalminsa ya tafi. Ba a ce masa a'a ba ma. Ba a ji shi ba ne kawai.

Tun daga nan nake kan allura. Aska takwas, aska biyu, babu aikin rigar da ban iya ba, kuma idona ya fara tafiya a kai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, da aka ɗan jima Baffa ya ga 'yan boko suna hawa mota suna zama a ofis, sai ya kwashi ƙananan 'ya'yansa ya kai. Har jami'ar da ke Kongo, nan garinmu, suka yi karatu. Yau ɗaya Dokta ake ce masa, ɗaya babban ma'aikaci ne, ni nake ɗinka musu rigar salla. Kada ka ce ra'ayi Baffa ya sauya. Bai saurari kowa ba, riba ya hango. 'Ya'yan kuma, da duk littattafan da suka jera a falo, kansu irin nasa ne. Muna da guruf na dangi a waya. Ka faɗi abin da bai yi wa Dokta daɗi ba, kafin ka ajiye wayar an cire ka. Gara zauren da, aƙalla sai mutum ya tashi ya fita cikin ruwa. Yanzu da ɗan yatsa ake yi, ana kwance a kan kujera. Gari ya cika da masu digiri, amma ka nemo min mutum ɗaya da zai tsuguna ya ce ta yaya ka sani.

Zan so in tsaya a nan, in bar ka kana ganin ni ne mai gaskiya. Amma akwai saura.

Bara Baffa ya kwanta ciwon ajali. Ya aiko jikansa shago, wai in zo yana son magana da ni. Na ce ina da aiki. Ya sake aikowa, na ce an ji. Karo na uku gwaggona ce ta zo da kanta, tsohuwa da sanda, ta tsaya a ƙofar shago ta ƙi zama.

"Ɗan nan, tashi mu je. Maganar makarantarka yake ta yi."

Na ce, "Gwaggo, na san abin da zai ce."

"Ka sani? To me zai ce?"

Na ci gaba da soka allura, tana tsaye, har ta gaji ta juya. Ranar Juma'a aka kai shi makwancinsa. Na je, na yi salla, na zuba ƙasa da hannuna, mutane suna yi min ta'aziyya.

Ko gafara zai nema, ko cewa zai yi daidai ya yi, ko akwai wani dalilin da yaro ɗan aji shida bai sani ba, oho. Daga shagona zuwa ɗakinsa ko hawa babur ba a yi. Jininmu ɗaya da mutumin nan, kuma ban san haka ba sai da aka rufe shi.